Gansakuka Iri Biyu, Mutuwa Iri Biyu: Buƙatar Kalmomi a Bakin Tabki

A ƙaramar hukumar Tagriss ta yankin Dakoro, kamar sauran ƙasar makiyaya ta arewacin Maraɗi, tabkunan damina ne mashayar dabbobi har su ƙafe. Idan kaka ta wuce ruwa ya ja baya, kashi da fitsarin garke sun taru a ɗan abin da ya rage, rana kuma ta gasa shi, sai fuskar tabki ta yi kore. Bahaushe ya ce gansakuka. Ina ganin wannan suna ɗaya ya yi wa lamarin kaɗan, ƙarancin kuwa yana iya jawo asarar dukiya da rai.

Akwai gansakuka mai zare, wadda in ka tsoma sanda za ta biyo ta, ta yi reto. Wannan yawanci ba ta da guba. Ɗayar kuwa ƙwayoyin bakteriya ne da masana ke kira sayanobakteriya. Sanda ba ta kama su, sai dai ta fito kamar an shafe ta da koren fenti. Wasu jinsunansu, irin su Microcystis, suna fitar da guba mai lalata hanta, wadda tafasa ruwa ba ya kashewa. Tun 1878 George Francis ya ba da rahoton mutuwar dabbobi a tabkin Alexandrina na Ostareliya bayan sun sha irin wannan ruwa. A 1996 majinyatan ƙoda fiye da 50 suka rasu a Caruaru ta Barazil sakamakon gubar waɗannan ƙwayoyi, a 2020 kuma hukumomin Botsuwana suka ɗora mata alhakin mutuwar giwaye fiye da 300.

Mutuwar kifi ma ba ta hanya ɗaya take zuwa ba. Sau da yawa shaƙewa ce: da dare gansakuka tana zuƙe iskar oksijin ɗin da ke cikin ruwa, ruɓewarta kuma ta ƙarasa sauran. Shi ya sa da asuba ake tarar da karfasa ta taso tana buɗe baki, tarwaɗa kuwa, mai shaƙar iskar sarari, tana nan lafiya. Masuncin Madarunfa da ya ce "ruwa ya shaƙe" da makiyayin da ya ce "ruwa ya yi dafi" abubuwa biyu suke bayyanawa, matakin da za a ɗauka ma ya bambanta.

Malamin dabbobi yana rubuta rahotonsa da Faransanci, alhali mai garken da zai hana shanunsa sha da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci yake jin gargaɗi. Don haka nake ba da shawarar a tsayar da "gansakuka mai zare", "koren ruwa mai guba" da "shaƙewar ruwa" a matsayin keɓaɓɓun kalmomi. Amma kafin a rattaba su, ya kamata masana a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su zauna da masunta da makiyaya, su tattara sunayen da suke bai wa launin ruwa da warinsa, sannan a gwada samfurin kowane ruwa a ga wane suna ya dace da wace ƙwaya.