Daga bel uku zuwa bel ɗaya

Lokacin da mahaifina ya kai ni gareji a Kura, abin da maigidana ya fara koya mini bayan sunayen sifanu shi ne danna bel da babban yatsa. In ya lotsa kamar faɗin yatsa, ya yi daidai. In ya wuce haka, a sassauta notin altaneta, a sa ƙarfe a banƙaro ta, a ɗaure. Aikin yaro ke nan a kan Fijo 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975.

Ruwa ne ya kawo mana motocin nan. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, sai noman rani ya zama sana'ar shekara: alkama, tumatir, albasa, daga baya shinkafa ta mamaye. Kaya kuwa sai da abin ɗauka. Akori-kura ta shiga gona, J5 ta yi lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan ta nufi Kudu, ga taraktoci, ga injinan casar shinkafa. Duk bel ke juya su, kuma bel iri guda, mai ƙugu kamar harafin V, wanda John Gates ya ƙirƙiro a Amurka a 1917. Gefensa ne ke kama kwarin fuli, shi ya sa yake da haƙuri. Ko fuli ya ɗan karkace, ko ƙura ta shiga, zai yi kuka amma zai kai ka gida. Motar da ke da fawa sitiyari da esi kuwa kowanne da belinsa, uku a jere, in ɗaya ya tsinke sauran na aiki.

Bel ɗaya mai zagaye komai kamar maciji, da motocin kwatano muka san shi. Wani injiniyan kamfanin Gates, Jim Vance, ya fito da shi, aka fara ganinsa a Ford Mustang ta 1979, amma sai da Marsandi da Honda da Toyota na hannu suka cika Kano, sannan 406 ta fito daga Kaduna, ya zama abin da muke taɓawa kullum. Faffaɗa ne, cikinsa layi-layi, bayansa sumul, kuma lambarsa ce ke bayaninsa: 6PK1750 na nufin layi 6, tsawo milimita 1750. Akwai fuli mai sifirin da ke riƙe masa ƙarfi da kansa, watau danna yatsan da na koya ya tashi aiki. Dattawan gareji ba su so shi ba, kuma suna da hujja. In ya tsinke, caji da famfon ruwa da sitiyari duk sun tsaya lokaci guda, kana tsakiyar gona, rana ta take, a watan Afrilu.

Abin da ya kai mu ga sauya tsohon inji zuwa sabon tsari ba ƙawa ba ce. Altanetar tsohuwar Fijo ta fara wuya a kasuwar Ƙofar Ruwa, ta kwatano mai ƙarfin caji kuwa ga ta nan jibge, da fulinta mai layi. Direbobin dare na son ƙarin fitilu. Da farko fulin kawai muke cirewa mu sa na da, sai muka ga siririn bel na zamewa a kan babbar altaneta, yana ƙonewa cikin 'yan makonni. Daga nan aka fara kai fulin karanshaf da na famfon ruwa wurin masu sassaƙa ƙarfe a Kano, mai walda ya haɗa mazauni, a nemo fulin ɗaurewa daga wata mushen mota.

Nan ne na yi kuskuren da har yau nake karantar da yarana da shi. Wata akori-kura ce ta wani manomi daga wajen Bunkure. Na tsara hanyar bel ta yi kyau a ido, amma na bi da bayansa ta kan fulin famfon ruwa. Duk fulin da bayan bel ya juya, baya yake juyawa. Inji ya tashi lafiya, ba ƙara, ba zamewa, ashe ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, fanka kuma tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta cikin lagireto. Kafin ya kai gona da taki, gaskit ya ƙone. Ni na biya gyaran, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne kwana huɗun da mutumin ya rasa a tsakiyar dashe. Injinan da aka ƙera don bayan bel ya juya famfonsu, famfon an yi shi ne don juyin baya. Tsohon inji kuwa dole cikin bel ya hau fulin famfonsa.

Abu na biyu shi ne saiti. Sabon bel ba ya yafe karkata ko kaɗan. In fuli ɗaya ya fita layi, zai ci gefensa ko ya yi tsalle ya sauka. Ina ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulayen in duba ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na yarda da mazaunin da aka yi da siririn ƙarfe, don hanyoyin bakin magudana girgiza ce zalla. Ƙurar hunturu ma ba bel take fara kashewa ba, boris ɗin fulin ɗaurewa take ci. Robar belin yanzu kuma ba ta cika tsagewa ba, cinyewa take yi kamar taya, sai ka ga bel lafiya a ido alhali layinsa ya ƙare.

Yau in mutum ya kawo tsohuwar mota ya ce a mayar masa, nakan tambaye shi inda take kwana. In ta titin Kano zuwa Zariya ce, tana ɗauke da esi da fitilu, ina yi masa, domin cajinta zai zauna, ya huta da ɗaure-ɗaure. In ta gona ce, altaneta da famfo kawai take juyawa, nakan ce: "Alhaji, bar ta da nata." Wanda ya nace, ba ya fita garejina sai na zana masa hanyar bel da fenti a cikin bonet, na rubuta lambar a gefe, ya kuma sayi na biyu ya sa a ƙarƙashin kujera tare da sifanar da ke ɗaga fulin.