Ƙwallo Daga Nesa: Tarihin Ɗan Kallo A Birnin Kudu Da Gwaram

Duk wanda ya buɗe tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasar nan, abin da zai tarar shi ne sunayen 'yan wasa da na masu horar da su, da ranakun da aka ci kofi ko aka rasa. Ba zai ga an ambaci mutumin da ya sayar da kaza ya sayi batir ba, balle yaron da aka ɗora bisa katanga yana juya eriya. Mu kuwa da muka tashi a Birnin Kudu da Gwaram, wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya shafe mu, domin kusan duk wasan da ya taɓa sa mu murna, ko ya hana mu cin tuwon dare, daga nesa muka same shi, kuma kullum akwai abin da ke tsaye tsakaninmu da shi.

Iyayenmu da yayyenmu da kunne suka fara kallon ƙwallo. Akwatin rediyo ne filin wasansu. Sharhin manyan wasanni da Turanci yake zuwa daga Legas, galibi da muryar marigayi Ernest Okonkwo, saboda haka kowace majalisa sai ta nemi tafinta, wato wani malamin firamare ko ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu da ya zo hutu. Mai sharhi na gudu, tafinta na binsa a baya yana haki, jama'a kuma na tambaya, “An ci ne?” Ta haka suka ji baƙin labarin 1977, lokacin da Godwin Odiye ya ci gidansu da ka, Tunisiya ta tare wa Nijeriya hanyar zuwa Kofin Duniya. Ta haka kuma suka ji Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar ƙasa a 1978, suka ji Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Legas ranar 22 ga Maris, 1980, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Har yau akwai dattawan da za su siffanta maka yadda Segun Odegbami ke yanke mutane a gefen fili, kai ka rantse suna wurin, alhali ko hotonsa ba su gani ba sai bayan shekaru, a jikin kalanda.

Mu namu zamanin da talabijin ya fara. Amma kada mai karatu na yau ya ɗauka talabijin irin wadda ya sani ce. Baƙi da fari ce, a unguwa guda da wuya ka sami biyu, hoton kuma daga Kano yake tahowa, ya ratso duwatsun da suka kewaye mu, kafin ya iso ya gaji. Sai a ɗaura eriya a kan doguwar gora, a sa yaro ɗaya ya riƙa juya ta, na ciki suna yi masa ihu, “Ya yi! A'a, koma baya!” Wanda ke juya eriya ba ya ganin wasa. Yawancinmu mun yi wannan aikin, kuma ba mu taɓa jin an gode wa kowa ba.

A kan irin wannan talabijin muka kalli Kofin Duniya na 1994 da aka yi a Amurka, karo na farko da Nijeriya ta je. Ranar 5 ga Yuli aka haɗa mu da Italiya. Damina ce, hadari ya haɗo ta gabas, hoto na zuwa yana tafiya. Emmanuel Amuneke ya ci tun kafin hutun rabin lokaci, muka je muka yi sallar magariba zukatanmu fari fat. Da aka dawo kuma alƙalin wasa ya kori Zola na Italiya, muka ce to, magana ta ƙare. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Mai gidan da muke kallo ya aika aka kwanto batirin motar wani maƙwabci, ana ta fama da waya da filaya a cikin duhu, mu kuma mun yi cincirindo a kan wata 'yar rediyo. Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke. Lokacin da hoton ya dawo, abin da ya fara nuna mana shi ne Turawa suna rungumar juna. A ƙarin lokaci Baggion nan ya sake ci da bugun fenareti, aka tashi 2 da 1. Muka watse ba mai ce wa kowa sai da safe. Shekara biyu bayan haka Nwankwo Kanu da su Tijjani Babangida da Garba Lawal suka share mana hawaye a gasar Olamfik ta 1996, suka doke Birazil 4 da 3, suka doke Ajantina 3 da 2, amma tabon Baggio bai goge ba.

Akwai wani abu da ya faru a tsakanin nan wanda ba a cika lura da shi ba. An kafa Kano Pillars a 1990, lokacin muna cikin Jihar Kano, saboda haka tamu ce ba gardama. Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jihar Jigawa. Muka kwana muna kirarin “Sai Masu Gida”, muka tashi mun zama baƙi a gidan. Daga baya mun sami tamu, Jigawa Golden Stars, wadda ta sha hawa babban rukuni tana saukowa. Zuciya dai ba ta san iyakar jiha ba: da yawanmu muka riƙe biyun, muna addu'ar kada a haɗa su.

To, ganin ido fa? Ai ba a rasa masu cewa ji ba gani ba ne, sai sun je fili. Dama ta samu da Kano ta karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da na Kofin Afirka a 2000, amma babbar ranar ita ce Asabar, 18 ga Yuni, 2005, da aka kawo wasan share fagen Kofin Duniya tsakanin Nijeriya da Angola filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Angola ta riga ta ci mu 1 da nema a Luwanda a 2004, don haka ramuwa ake nema. Muka yi karo-karo muka ɗauki shatar mota. 'Yan Gwaram suka taso bayan sallar asuba, suka kwashe mu a Birnin Kudu, muka bi ta Kwanar Huguma, muka ƙetare gadar Wudil, hantsi na dubawa muna cikin Kano.

A nan muka koyi karatun tikiti. Mutumin karkara yana zaton tikiti abu ne da ake zuwa taga a miƙa kuɗi a karɓa, kamar kan sarki a gidan waya. Muka bi layi rana na dukanmu, kafin a zo kanmu aka ce ya ƙare. Ba mu yi taku goma ba sai ga wasu samari da damin tikitin a hannu, suna sayarwa ninkin kuɗinsa, wani ma har ya fi. Masu hali a cikinmu suka saya. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu ya ba da kuɗin motarsa na komawa ya karɓi nasa, da ya isa ƙofa aka ɗaga takardar aka duba, aka ce jabu ce. Ya waiwaya, wanda ya sayar masa ya bi iska. Ƙarshenta rabinmu suka shiga, rabi muka zauna a gindin katanga. Jay-Jay Okocha ya ci da wuri, ihun ya taso daga ciki kamar aradu, mu na waje muka yi tsalle ba mu san wanda ya ci ba, sai da wani mai shayi ya ƙaro muryar rediyonsa. Wato mun yi tafiyar awa biyu da ɗoriya, mun ƙona mai, domin mu saurari rediyo, abin da kakanninmu ke yi a ƙofar gida suna kishingiɗe. Bayan hutun rabin lokaci Figueiredo ya farke wa Angola, aka tashi kunnen doki.

Wannan kunnen dokin shi ya kashe mu. A watan Oktoba Nijeriya ta ci Zimbabuwe 5 da 1, amma Angola ma ta ci Ruwanda, kowa ya ƙare da maki 21, aka duba haɗuwar da ƙasashen biyu suka yi, aka ba Angola gurbin zuwa Jamus. Jaridun kudu suka yi ta ɗora laifin a kan zafin ranar Kano, sai ka ce 'yan Angola a inuwa suka buga nasu. Shugaban hukumar ƙwallo na lokacin, Alhaji Ibrahim Galadima, ya ce zuwa Kofin Duniya ba gadon Nijeriya ba ne, aka yi masa caa. A ganinmu gaskiya ya faɗa, lokacin faɗarta ne bai yi ba.

A shekarun nan ne kuma gidajen kallo suka bazu. DStv ta fara aiki a 1995, kuma cikin shekara goma sai ga rumfar kwano da benci da janareto da allon da ake rubuta wasannin mako da alli, daga Birnin Kudu har Sara da Basirka. Ka biya 'yan kuɗi kaɗan a bakin ƙofa, ba layi, ba jabu, ka ga Kanu a Arsenal, Okocha a Bolton, daga baya Mikel a Chelsea, hoto tangaran, har gumin goshinsu. Ana yawan zargin matasanmu da cewa sun watsar da na gida sun rungumi na Turawa. Mu da muka ga yadda abin ya faro ba mu yarda da wannan zargi ba. Landan ce ta zo har ƙofar gidansu kowace Asabar, Kano da Dutse ba su zo ba. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009 bayan an tashi 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta cire ta, sa'an nan ta jera kofin ƙasa sau uku daga 2012 zuwa 2014. Nawa ne daga cikin waɗannan wasanni aka haska a rumfunanmu? Ahmed Musa ya zura ƙwallo 18 a kakar 2010 yana sanye da rigar Pillars, amma yawancin yaran garinmu sai da ya tafi Turai suka san fuskarsa. Da Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, a bakin direbobin tasha da yawa suka ji, kafin ta dawo a 2023.

Marubutanmu ma, in za a faɗi gaskiya, ba su waiwayi rumfar nan ba sosai, alhali duk abin da mai ƙaga labari ke nema yana cikinta: bashi, gaba, caca a ɓoye, da abokan da suka daina gaisawa saboda wata ƙungiya da ba ta san da zamansu ba.

Yanzu wasa ya shigo aljihu, amma shamakin bai kau ba, kama ya sauya. Sai ka sayi data, ana kai hari hoton ya tsaya cik yana juyawa, ka ji ihun gidan kallo daga nesa, ka san an ci, ka zauna jiran wayarka ta gaya maka wa aka ci. Haka muka sha wasan cike gurbi da Gana a Abuja ranar 29 ga Maris, 2022, aka tashi 1 da 1, ƙwallon da Thomas Partey ya ci a gidanmu ta hana mu zuwa Ƙatar, 'yan kallo suka afka cikin fili suna farfasa kaya. Haka kuma daren Lahadi, 16 ga Nuwamba, 2025, a Rabat ta Maroko, aka yi 1 da 1 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, aka je bugun fenareti suka fitar da mu 4 da 3. Ana tsakiyar bugun man janareton rumfarmu ya ƙare. Wani dattijo da ke zaune a bakin ƙofa da rediyonsa, wanda samari suka saba yi wa dariya, shi aka zagaye.

Washegari Litinin muka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Yaran nan ba su wuce shekara biyar ko shida ba lokacin da Nijeriya ta je Kofin Duniya na 2018. Muka tambaye su wa ya taɓa ganin wasan Golden Stars, ko a fili ko a talabijin. Aka yi shiru. Can sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, a wace ƙasa suke?”