Babban Baƙi a Sunayen Littattafan Ingilishi: Tarihin Wata Ƙa'ida

1. Gabatarwa

Duk mai binciken da ya taɓa shirya jerin littattafai a ƙarshen maƙala ya san wahalar da ke akwai idan Hausa da Faransanci da Ingilishi suka haɗu a shafi guda. Littafin Camara Laye na 1953 ana rubuta sunansa L'Enfant noir, na Chinua Achebe na 1960 kuwa No Longer at Ease. A na farkon sifa ta zo da ƙaramin baƙi. A na biyun kowace kalma ta samu babba in banda at. Wannan kalma tana cikin rukunin da malaman nahawun Larabci ke kira haruful jarri, watau masu shiga gaban suna domin nuna wuri ko lokaci ko dalili, kamar of, in, with, between. A nan za a kira su kalmomin dangantaka. Abin da za a duba shi ne yadda aka yi Ingilishi ya ware su a sunayen littattafai da wasanni da waƙoƙi, da abin da ya hana ma'abota harshen daidaitawa a kansu har yau.

2. Asalin baƙaƙe iri biyu

Rumawan farko ba su da babba da ƙarami. Rubutun da aka sassaƙa a gindin ginshiƙin sarki Tarajan a birnin Rum a shekara ta 113 duk manyan baƙaƙe ne. Ƙananan sun fito ne daga hannun marubuta masu sauri a kan fata, har suka samu tsayayyar siffa a zamanin sarki Sharlaman, musamman a gidan ibada na Tur a Faransa, inda malami Alcuin ya zama shugaba a 796. Wajen shekara ta 1400 malaman Fulorans a Italiya, irin su Poggio Bracciolini, suka farfaɗo da wannan hannu, suka gama shi da manyan baƙaƙen Rumawa. Nicolas Jenson ya zuba su a ƙarfen ɗab'i a Venis a 1470. William Caxton kuwa ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476.

Daga nan hukunci ya koma hannun mai jera baƙaƙe a maɗaba'a. Yana da akwati biyu a gabansa, manya a na sama, ƙanana a na ƙasa, kuma sunayen da Ingilishi ke kiran iri biyun da su a yau daga akwatunan nan suka samo asali.

3. Zamanin da kowane suna ya samu girma

A ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, masu ɗab'i a Landan suka riƙa fara kusan kowane suna da babban baƙi, ko a tsakiyar jimla yake. Tsarin mulkin Amurka na 1787 haka aka rubuta shi. Amma tun kafin wannan shekara al'adar ta fara ja da baya a littattafai. A watan Disamba 1789 Benjamin Franklin, wanda shi kansa maɗaba'i ne, ya rubuta wa Noah Webster takarda yana kukan watsi da ita. Hujjarsa ita ce, a Ingilishi kalma guda tana iya zama suna ta kuma zama aikatau, babban baƙi ne ke raba gardama ga wanda bai ƙware ba. Kukan bai yi amfani ba. Littafin nahawun Lindley Murray na 1795, wanda makarantu suka daɗe suna aiki da shi, ya ambaci al'adar a matsayin abin da aka bari, amma ya lissafta sunayen littattafai cikin wuraren da babban baƙi zai ci gaba da zama. Jamusanci ya riƙe tsohuwar hanya har yau, Danmak kuwa sai a 1948 ta soke ta.

To, a nan ne tushen maganar yake. Ana iya cewa sunan littafi shi ne lungun da tsohuwar al'ada ta fake bayan an kore ta daga cikin jimla. Sai dai ta sāke kama: maimakon suna kaɗai, sai aka ce a girmama duk kalma mai muhimmanci. Nan take tambaya ta taso, wace kalma ce marar muhimmanci?

4. Littattafan ƙa'ida da saɓaninsu

Amsar ba ta fito daga wata hukumar harshe ba, domin Ingilishi bai taɓa samun irin majalisar da Faransa ta kafa a 1635 ba. Gidajen ɗab'i ne suka yi wa kansu doka. Horace Hart ya fitar da ƙa'idodin maɗaba'ar jami'ar Okusfod a 1893, maɗaba'ar jami'ar Shikago ta buga nata a 1906, ƙungiyar malaman harsunan zamani ta Amurka, MLA, ta fitar da nata a 1951, kamfanin dillancin labarai na AP kuma a 1953.

Akwai wuraren da galibinsu suka yarda. Kalmar farko babban baƙi take ɗauka ko wace iri ce, shi ya sa littafin Steinbeck na 1937 yake Of Mice and Men. Aikatau ma haka, komai gajartarsa, kamar Is a cikin The Heart Is a Lonely Hunter na 1940. Gajerun kalmomin dangantaka a tsakiya kuwa ƙanana ne, kamar a Arrow of God da A Man of the People na Achebe. Idan kalma tana aikin bayanau sai ta koma babba: wasan John Osborne na 1956, Look Back in Anger, ya ɗaga Back ya bar in.

Saɓanin yana kan dogayen. Ɓangare guda ya bi nahawu, ya ce kalmar dangantaka tana nan a matsayinta ko haruffanta goma ne. Wannan ita ce hanyar MLA, ita ce kuma ta Shikago shekaru da yawa. Ɗaya ɓangaren ya bi ido, ya ce a ƙirga haruffa: AP da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, suna ɗaga duk wadda ta kai huɗu. Saboda haka littafin Margaret Mitchell na 1936 yana da rubutu biyu, Gone with the Wind a littattafan jami'a, Gone With the Wind a jaridu, kuma babu wanda za a ce ya yi kuskure.

Kowace hanya da aibinta. Ta nahawu tana bukatar mai gyara ya tantance aikin kalma kafin ya buga ta, sa'an nan tana haifar da siffa mai banbaraƙwai, inda doguwar kalma kamar between ke zaune ƙarama tsakanin gajeru masu girma. Ta ƙirga tana da sauƙi, amma ba ta da dalili, tunda ba abin da ya sa with ta fi for daraja sai harafi ɗaya. Maɗaba'ar Shikago da kanta ta buga A River Runs Through It na Norman Maclean a 1976, ga kalma mai haruffa bakwai a tsakiyarsa. A bugu na 18 na littafin ƙa'idarta, a 2024, ta sassauto: duk kalmar dangantaka mai haruffa biyar ko fiye za ta ɗauki babban baƙi. Wasan Shakespeare ya tashi daga Much Ado about Nothing ya koma Much Ado About Nothing.

Ma'aikatan ɗakunan karatu sun daɗe da kauce wa rigimar. Ƙa'idodin tsara katin littattafai na Ingila da Amurka, bugun 1978, sun ce a rubuta sunan littafi kamar jimla: kalmar farko da sunayen yanka kaɗai ke samun babban baƙi.

5. Abin da ya shafi Hausa

Ajami bai san babba da ƙarami ba. Da boko suka shigo. Littattafan farko da aka buga a Zariya sun ɗauki salon Ingilishi, har suka zarce shi: a Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 ba kalmar da aka bari ƙarama. A Nijar kuwa, wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba da wata hanya, wadda ke barin Une si longue lettre da babban baƙi guda. Tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 sun yi aikin daidaita rubutun Hausa, amma marubucin Maraɗi da na Kano kowa yana ɗauke da al'adar makarantarsa idan ya zo kan take.

Ƙirgan haruffa ba zai yi wa Hausa aiki ba. Kalmomi irin su cikin, bayan, gaban, ƙarƙashin asalinsu sunaye ne da suka ɗauki -n ta nasaba. Da kuwa tana haɗa sunaye, tana nuna abin aiki, tana kuma buɗe jimlar dogarau. Wakilan suna da ke gaban aikatau, irin su ya, ta, na, gajeru ne, alhali su ne ke riƙe da lokaci.

6. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ƙa'idar Ingilishi ragowar wata al'adar ɗab'i ce, ba ta fito daga ginin harshen ba, shi ya sa bayan shekara fiye da 200 ba a gama gardama a kanta ba. Ga mai bincike, ya isa ya zaɓi hanya guda a sunayen Ingilishi ya riƙe ta daga farkon maƙala zuwa ƙarshe, ya kuma bar sunayen Faransanci bisa ƙa'idarsu. Ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci nauyin ya fi haka. Manomin da ya fara karatu da girma siffa biyu yake koyo ga kowane baƙi, har da Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ. Idan an koya masa cewa babban baƙi na farkon jimla ne da sunan yanka, sa'an nan bangon littafin ya saɓa wa darasin, an ƙara masa kaya ba dalili. Hanyar ɗakunan karatu ita ce ba ta bukatar darasi na biyu.