Zafin Nama da Zafin Rai: Nazarin Kalmomin Saurin Martani a Hausar Bakin Kainji

Ɗalibin Yauri da ya buɗe ƙamus yana neman ma'anar touchy ko thin-skinned, amsar da ya fi samu ita ce "saurin fushi". Amsar ba ƙarya ba ce, amma ta cusa halaye uku a buhu ɗaya, alhali Hausa ta daɗe da ba kowanne sunansa.

Ingilishi ya ɗauko siffofinsa daga taɓi da makami. Yakan ce fatar mutum ba ta da kauri, ko ya kwatanta shi da kunamar bindiga wadda ko gashi ya shafe ta sai ta tashi. Hausa kuwa cikin jiki take shiga, ta nemi gaɓar da zafin ya sauka. Kalmar "zafi" ɗaya ce, sai dai abin da aka jingina ta gare shi ne ke yanke hukunci. Zafin nama yabo ne. Zafin rai aibi ne. Zafin kai ya fi muni, domin ya haɗa fushi da taurin kai. Matuƙin kwalekwale da ya hango kututture a ƙarƙashin ruwa tsakanin Wara da Yelwa ya kauce masa kafin fasinja su ankara, zafin nama ya nuna, kuma shi ake tafawa a bikin Rigata na Yauri. In wannan mutumin ya ɗaga filafili zai doki yaro saboda magana ɗaya, sai a ce yana da saurin hannu, a ja baya da shi.

Inda lamarin ya fi zurfi shi ne "zuciya". Aka ce wane ya yi zuciya, ana nufin an ɓata masa rai ya ƙi karɓar abin da aka ba shi. Aka ce zuciyarsa a kusa take, to a yi hattara. Amma a gwada ce wa magidanci ba shi da zuciya, ko zuciyarsa ta mutu: wannan zagi ne da ya fi na farko ciwo. Ke nan Bahaushe bai nemi a kashe zuciya ba, so yake a iya riƙe ta. Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa haƙuri cikin manyan siffofin kirki, kuma a ganina ba a kiran mutum mai haƙuri sai an san yana da zuciyar da yake dannewa.

Nahawu ma ya taimaka. Fusata, hasala, harzuƙa da zabura duk suna aji na 3 a tsarin aikatau da Parsons ya fitar a 1960, wato aikin kan mai shi yake ƙarewa. Tunzura kuwa fuska biyu gare ta: mutum ya tunzura, ko a tunzura shi, karin sauti ne kawai ke bambanta su.

Hali na uku, bayan zafi da zuciya, shi ne tsarguwa, kuma shi fassarar "saurin fushi" ta fi zalunta. Mai tsarguwa ba lalle ya ɗaga murya ba. Ana hira kan wani abu daban, shi kuma ya ɗauka da shi ake. Da ma an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, karin maganar da ke nuna Hausa na zargin mai tsarguwa da ɓoye wani laifi, zargin da kalmar touchy ba ta ɗauke da shi.

Masuntan wannan yanki, Sarkawa da Gungawa da Lopawa, sun san waɗannan halaye a jikin kifi. Minjirya da an taɓa ta sai ta yi jan da hannu ke sagewa. Talibambam kumbura yake yi ya zama kamar ƙwallo. Ƙurungu kuma ƙayoyinsa yake miƙewa yana gurnani. Malamin Ingilishi a Shanga ko Ngaski da ya fara darasi da waɗannan kifaye uku zai ga yara sun rarrabe mai ramuwa nan take da mai kumburi da mai kare kai tun kafin a buɗe littafi.

Abin da ke damuna shi ne harsunan da ke gefen Hausar. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsibirai, aka kwashe Gungawa zuwa sababbin ƙauyuka, kuma da yawa daga jikokinsu Hausa suka fi ji a yau. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana mana kalmomin Hausa masu yawa. Yadda tsohuwar Bagunguwa ke kiran jikanta mai saurin kuka da harshen Reshe kuwa, sai ɗaliban harshe sun je sun zauna da ita sun rubuta tun tana da rai.