Yadda Sinadaran Tiriftamin Suka Sami Sunayensu

A farkon al'amari masana kimiyyar haɗa sinadarai kan raɗa wa abu suna ne daga inda suka tsamo shi, ko daga aikin da suka ga yana yi a jiki. Wannan al'ada ta haddasa ruɗani a dangin sinadaran da ake kira tiriftamin, waɗanda wasunsu ke jirkita hankali.

Wajen shekarar 1937 Vittorio Erspamer na ƙasar Italiya ya sami wani sinadari a hanji, ya kira shi enteramin, watau na hanji. A 1948 kuma Rapport da Green da Page, a birnin Cleveland na Amurka, suka tace wani daga ruwan jini wanda ke tsuke jijiya, suka sa masa serotonin. Sai a 1952 ta tabbata cewa abu guda ne aka yi wa suna biyu. Haka bufotenin, wanda ya ci sunan kwaɗon da aka same shi a dafinsa, daga baya aka iske shi a ƙwayar wata itaciya ta Kudancin Amurka, inda sunan kwaɗo bai da wurin zama.

Mafita ita ce a bar asali a koma ga ƙira. Dukkan dangin suna da ginshiƙi guda, indol, wanda Adolf von Baeyer ya fitar a 1866 daga shuni, irin wanda ake rini da shi a karofi. Aka lambata kusurwoyin ginshiƙin, sunan ya riƙa faɗin abin da aka liƙa da kusurwar da aka liƙa shi. Ta haka bufotenin ya zama 5-HO-DMT, silosin kuwa, wanda Albert Hofmann ya gano bayan ya fitar da silosaibin daga wata laimar kwaɗi ta Meziko a 1958, ya zama 4-HO-DMT. Kusurwa ɗaya tak ta raba su, amma aikinsu a jiki ya sha bamban.

Nan ne batun ya shiga hannun masu doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta jera haramtattu ne da sunayensu, ciki har da DMT da silosin. To, wanda ya sauya reshe guda ya sami sabon suna da babu shi a jerin. Dole Birtaniya ta gyara dokarta a 1977 ta haramta dangi bisa ƙira, Amurka kuma ta kafa dokar makamantan sinadarai a 1986.