Montreuil: daga katangun lambu zuwa “Bamako ta bakin Seine”

Wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 9 a birnin Paris, ya bi shi har ƙarshen layinsa na gabas, zai sauka a Montreuil, gari mai mutane sama da dubu 100. Layin ya iso nan tun 1937. Amma sunan garin ya riga jirgin fita, kuma lambu ne ya fitar da shi.

Tun ƙarni na 17 manoman wurin suka gano dabarar noman wani ɗan itace mai son zafi, wanda Faransawa ke kira pêche, a ƙasar da sanyi ya yi wa yawa. Sai suka dinga gina katangu masu tsawon kusan mita 3, suna shafe su da farar ƙasar da ake haƙowa a tudun garin. Katanga ta sha rana da yini, da dare ta mayar wa itace da ɗumin. Rassan kuwa da tsumma da ƙusa ake manne su a jikinta, reshe bayan reshe, aikin da sai mai haƙuri. Wajen 1870 an ƙiyasta tsawon katangun ya kai kilomita 600, ƴaƴan da ake tsinka a shekara kuma miliyan 17. Jirgin ƙasa ne ya karya wannan sana’a, domin ya riƙa kawo na kudancin Faransa, masu nuna da wuri, masu araha. Masana’antu suka maye gurbin lambuna, ma’aikata suka biyo su, daga Italiya, Fotugal da Aljeriya.

Daga baya ƴan Mali suka iso, galibinsu Soninke daga yankin Kayes. A 1968 aka buɗe musu masauki a titin Bara, cikin tsohuwar masana’antar kera piyano. Gida ne na maza zalla, masu shara da leburori, amma a cikinsa akwai wurin salla, da teloli, da ƴan tireda, da tukunyar shinkafa da kowa ke iya ci da kuɗi kaɗan. Daga irin waɗannan ɗakuna masu cunkoso aka yi ta tara kuɗin gina rijiyoyi da makarantu a ƙauyukan gida, har a 1985 garin ya ƙulla ƙawance da Yelimane. Ginin dai ya ruɓe. A 2018 magajin gari Patrice Bessac ya kwana a ciki, ya ce bai dace da zaman ɗan Adam ba, aka rushe shi. Wanda aka gina a madadinsa ya fi tsabta nesa ba kusa ba, sai dai kowa da ɗakinsa, kuma zaman taron nan ya ragu.

Katangun fa? Abin da ya saura bai wuce hekta 30 da ƴan kai ba, kuma a 2003 hukuma ta sa hekta 8 da rabi kawai ƙarƙashin kariya. Mutanen Yamai, da suka ga yadda rabon filaye ya cinye dogon yaron da aka fara dasawa kewayen birni a 1965, ba sa bukatar dogon bayani. Ƙungiyoyi na gyara katangun suna shuka, ko da yake sharar Paris da aka daɗe ana zubawa a matsayin taki ta bar dalma a ƙasar. Inuwar nan da cuɗanyar jinsuna su ne yanzu ke jawo masu hali daga Paris, kuɗin haya na hawa, jikokin mazauna Bara kuwa da yawa sai sun ƙara gaba kafin su sami ɗakin da za su iya biya.