Allon Zayyana da Ajin Zane

Tun zamanin da haƙar kuza ta tara jama'a a Godogodo, jirgin ƙasa kuma ya mai da Kafanchan mahaɗar hanyoyi, malaman da suka biyo fatake da leburori sun zo da wata sana'a wadda ba su taɓa kiranta fasaha ba, alhali kuwa ita ce tushenta. Almajiri yakan feƙe alƙalaminsa na kara da hannunsa, ya dama tawada da gawayi da ƙaro, ya yi alwala kafin ya taɓa allo, sa'an nan ya zauna yana gwada tsawon alifi da lanƙwasar nun har hannunsa ya faɗa. Ranar sauka kuma a kawo allon zayyana, wanda aka ƙawata da ja da rawaya da kore bisa ƙa'ida da ma'auni, ba tare da surar mai rai ba. A nan ladabi da haƙuri da tsarki suke shiga hannu tare da harafi.

Magina ma haka suka gada. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bakan gizonsa na ƙasa da azara ya isa darasin shekara guda ga mai neman sanin daidaito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan. Da ya shiga kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shi da abokansa irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suka ƙi yarda a ce ilmin Turawa kaɗai ne mizani. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya mai da shi abin nazari a jami'a. Zayyanar allo, wadda take kusa da ƙofar gidan da ya girma, har yanzu ba ta sami irin wannan gata a manhajar makarantunmu ba, kuma yaron da ya iya jan alifi a tsangaya yakan shiga ajin zane a ɗauke shi kamar bai taɓa riƙe alƙalami ba.